Kafin Ka Ɗaga Ƙofar Shago: Matakan Kafa Ƙaramin Kasuwanci a Najeriya

Wata 'yar'uwata tana haɗa yajin da duk unguwarsu ta san da zamansa. Da ciniki ya kankama sai ta yanke shawarar zuba shi a robobi. Ta zaɓi suna mai daɗi, ta kai wa masu ɗab'i suka buga mata takardun liƙawa har dubu biyar. Bayan wata biyu wani babban kanti ya ce zai riƙa karɓar kayanta, muddin ta kawo takardar rajista da lambar NAFDAC. Da ta je yin rajistar sai aka ce mata sunan nan wani ya riga ta kama shi tun shekarun baya. Takardun liƙawar suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gadonta, yara na yagar su suna wasa.

Sana'a ta iya, jari tana da shi, masu saye suna jira. Abin da ya kayar da ita shi ne ta fara daga inda ya kamata ta ƙare. Shi ya sa na jera matakan nan bi da bi, don kowanne yana buɗe wa na gaba da shi ƙofa. Da "kai" zan riƙa magana don sauƙi, amma ke ma da kike sana'a a cikin gida da ke nake. Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram kuma ya sani ofisoshin da zan ambata na Najeriya ne. A Nijar ana yin rajistar RCCM ne da lambar haraji ta NIF, ƙarƙashin dokokin OHADA, sai dai maganar lissafi da littafin shago duk ɗaya ce.

Mataki na 1: Ɗauki biro kafin ka taɓa kuɗi

Yawancinmu da lissafin riba muke farawa: na sayo a kaza, na sayar a kaza, ga abin da ya rage. Wannan rabin lissafi ne. Ragowar rabin shi ne kuɗin da za su fita kowane wata, ko ka yi ciniki ko ka wuni kana korar ƙuda.

Mu ɗauki yajin nan misali. A ce kowace roba ɗaya, idan aka haɗa barkono da citta da kanumfari da kuɗin niƙa da ita kanta robar da takardar liƙawa da kuɗin mota zuwa kasuwa, ta tashi a kan naira 700, kana sayarwa naira 1,000. Kana da naira 300 a kan kowace roba. To, a ce hayar ɗakin aiki naira 180,000 ce a shekara, wato 15,000 a wata. Wuta da man janareta 10,000, yaron da ke taimaka maka 20,000. Jimla 45,000. Raba 45,000 da 300, za ka ga sai ka sayar da roba 150 a wata, biyar kenan kullum, kafin ka ce ka mayar da abin da ka kashe. Daga roba ta 151 riba take farawa. In ka duba unguwarku da abokan cinikin da kake da su a hannu ka ga ba za su sha roba 150 ba, kar ka kama haya tukuna. Ci gaba da yi a gida har masu saye su ƙaru.

Akwai wani tarko da hauhawar farashi ta kafa wa ƙananan 'yan kasuwa, musamman tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A 2024 hauhawar ta haura kashi 30 cikin 100. Mutum ya saro katan a naira 20,000, ya sayar a 23,000, yana murna ya ci 3,000. Ya koma kasuwar Singa sari ya tarar katan ɗin ya zama 24,000. A takarda ya ci riba, a shago kaya sun ragu. Saboda haka ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka biya in ka koma sari, ka manta da abin da ka biya wancan makon. Kira ɗaya zuwa wurin wanda kake sari, ko a kasuwar Dawanau yake ko a Kantin Kwari, ya isa ka san inda kasuwa ta kwana.

Kuma kar ka zuba jarin duka cikin kaya da gyaran shago. Ware abin da zai riƙe haya da wuta da albashi na wata uku, ka ajiye shi kamar ba naka ba. Na sha ganin shago mai tayil da gilashi da fitilu masu launi, ka leƙa ciki kantoci wayam, domin ado ya cinye uwar kuɗi.

Mataki na 2: San kuɗin wa kake juyawa

Jarin farko yawanci daga gida yake fitowa: ajiyar kai, kwasar adashi, rabon gado, ko wani ɗan'uwa ya ce ga wannan ka juya. A nan ne zumunci ya fi lalacewa. Yaya ya ba ƙane naira miliyan ɗaya, shi a ransa hannun jari ya saka, ƙanen kuma ya ɗauka rance ne, uwarsu tana ganin kyauta ce. Shekara biyu ba wanda ya ce uffan, sai ranar da shago ya bunƙasa ko ya rushe.

Ku zauna tun ranar farko ku kira abin da sunansa. In rance ne, nawa ne, yaushe za a biya? In haɗin gwiwa ne, kashi nawa kowa zai ɗauka cikin riba, wa zai ɗauki asara, me za a yi in ɗaya ya ce zai janye ko ya rasu? Wanda ke son bin tsarin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi ko mudaraba, inda wani ke kawo kuɗi wani ya kawo ƙarfinsa, ya san ƙa'idarsa: ana raba riba da kaso, kamar rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ba a yanka wa mai kuɗi wani adadi tsayayye duk wata. In asara ta zo ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Ku rubuta, ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ce, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Bashin banki ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Ka bari sai kasuwancin ya nuna yana iya biyan kansa. In lokacin ya yi, akwai Bankin Masana'antu, wato BOI, akwai kuma bankunan da ba sa harkar ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, waɗanda kan sayo maka kaya ko inji su sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Dokar 2017 kan jingina da kadarorin da ake iya ɗagawa ta ba da damar a jinginar da inji ko abin hawa ko kayan shago, ba lallai sai takardar fili ba. Manhajojin bashi na waya kuwa, masu ba ka kuɗi cikin minti biyar su bi 'yan'uwanka da saƙon cin mutunci in ka makara, ka yi nesa da su.

Mataki na 3: Sunan kasuwanci ko kamfani?

Dokar da ke tafiyar da wannan fage ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin ta 1990. Hukumar da ke aiwatar da ita ita ce Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Ga mai ƙaramin jari hanyoyi biyu ne suka fi muhimmanci.

Ta farko rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta ke farawa da BN. Ta fi arha, ta fi sauƙi, kuma ita ta dace da mai tireda, tela, mai aski, mai sayar da kaya ta WhatsApp. Sai dai a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. In shago ya ci bashi ya kasa biya, mai bin bashi zai iya bin babur ɗinka da gonarka. Doka ta ce a yi wannan rajista cikin kwana 28 da fara kasuwanci. Wanda ke amfani da ainihin sunansa kawai, ba tare da ƙara komai a kai ba, ba a tilasta masa ba. Amma da zarar ka liƙa wata kalma a bayan sunan, rajista ta hau kanka.

Ta biyu kamfani mai Ltd a ƙarshen sunansa, lambarsa RC. Shi doka tana ɗaukarsa tamkar wani mutum ne daban: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ana kai shi ƙara da sunansa, kuma asararka ta tsaya a kan hannun jarin da ka ɗauka, sai fa in ka tsaya wa bashin da kanka ko ka yi zamba. Kafin 2020 sai mutum biyu suke iya kafa kamfani, abin da ya sa mutane ke cusa sunan mata ko ɗa don cike gurbi. Yanzu mutum ɗaya ya isa. Mafi ƙarancin hannun jarin da za a rubuta wa kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, kuma ƙaramin kamfani ba a tilasta masa ɗaukar sakatare ko mai binciken kuɗi daga waje.

Ra'ayina: in ba kwangila za ka nema ba, ba kuma wasu za su zuba kuɗi masu nauyi tare da kai ba, fara da sunan kasuwanci. Mutane da yawa suna buɗe Ltd don kawai a kira su manajan darakta, daga baya takardun shekara-shekara su yi musu yawa, tara ta taru. In kasuwancin ya girma, ƙofar komawa kamfani a buɗe take.

Mataki na 4: Yi rajistar da hannunka

Yanzu komai ta shafin intanet na CAC ake yi, kuma mai sunan kasuwanci ba ya buƙatar lauya. Ka tanadi lambar NIN, hoton fasfo, hoton sa hannunka a kan farar takarda, adireshin wurin sana'a, lambar waya da imel. Kafin ka fara, tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke kan NIN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da aiki.

Shirya suna biyu ko uku, ka fara duba su a sashen bincike na shafin, wanda kyauta ne. Za a ƙi sunan da ya yi daidai ko ya yi kama da na wani. Akwai kuma kalmomin da sai da izinin hukumar na musamman, irin su Federal, National, State, Government, Group da Holding. Sunayen da kowa ke rububi, masu Alheri da Nasara da Albarka, da wuya ka same su a sake, sai ka haɗa da wata kalma taka ta daban. In an amince da suna za a riƙe maka shi kwana 60, a cikinsu za ka cike sauran bayanai ka biya. Shekaru da dama kuɗin rajistar sunan kasuwanci naira 10,000 ne, amma hukumar ta sanar da sabon jadawalin kuɗi a 2025, don haka ka bi abin da shafin ya nuna maka ranar da za ka biya. Wajen rubuta irin sana'ar, faɗi abin da kake yi da gaske. In an gama, takardar shaida za ta zo maka ta intanet. Sauke ta, ka buga, ka ajiye kwafi a imel ɗinka.

In ba ka saba da kwamfuta ba ka ba wani ya yi maka, babu laifi, amma ka tsaya a kansa ya sa lambar wayarka da imel ɗinka, ya kuma miƙa maka kalmar sirri. Wasu 'yan kafe da wakilai da nasu suke buɗewa, sai ranar da kake son canza adireshi ko shigar da bayanan shekara ka nemi mutum ka rasa. Bayan ya ba ka takarda, shiga sashen bincike ka rubuta sunan ka gani da idonka ko ya fito, don takardun jabu suna yawo.

Sai bayan wannan za ka buga allo, leda, takardar liƙawa da hatimi. Ka kuma sani rajistar CAC sunan kasuwancin ta kare, ba tambarin kayanka ba. Tambari a Ofishin Rajistar Tambari na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ake yi masa rajista.

Rajista kuma ba a yin ta a kwanta. Mai sunan kasuwanci zai riƙa shigar da bayanan shekara kafin 30 ga Yuni, ban da shekarar da ya yi rajistar. Wanda ya bari suka taru za a rubuta a shafin cewa kasuwancinsa ba ya aiki, ga tara, kuma banki ko mai ba da kwangila yana iya gani.

Mataki na 5: Raba aljihu

Da takardar CAC a hannu, je ka buɗe asusu da sunan kasuwancin. Banki zai nemi takardar, da BVN da NIN, da lambar haraji, da shaidar adireshi kamar takardar kuɗin wuta. Asusun karant kan buƙaci mutum biyu su tsaya maka.

Amfanin wannan asusu ya wuce a ce kwastoma ya ga sunan shago in zai yi tiransifa, ko da yake wannan ma yana ƙara yarda. Babban amfaninsa shi ne ya raba kuɗin shago da na cefane. Kasuwancin da ake ɗiban kuɗin makaranta da na suna da na gudummawar biki daga aljihunsa kai tsaye, mai shi ba zai taɓa sanin ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka tura shi asusunka na kai ranar da ka sa, ka yi hidimar gida daga can. In larura ta sa ka taɓa na shago, rubuta shi bashi ne a kanka. Kuma ranar da za ka nemi rance, bayanan shige da ficen wannan asusu na wata shida ko shekara su ne za su yi maka magana.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa darasi: mai shayi ma ya koma karɓar tiransifa. Ka tanadi hanyar karɓar kuɗi fiye da ɗaya. Kar ka saki kaya don an nuna maka rasit a waya ko don saƙo ya shigo, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Ka kuma tabbatar bankin yana ƙarƙashin inshorar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma.

Mataki na 6: Haya da mutanen ƙaramar hukuma

Kar ka biya haya sai ka ga mai shagon ko wakilinsa na gaskiya, ba dillali kaɗai ba. A rubuta yarjejeniya: shekara nawa, nawa ne, yaushe za a iya ƙari, wa ke biyan gyara, kuma in ka sa ƙofar ƙarfe ko ka yi silin, na wa ne ranar tashi. Tambayi maƙwabta ko wanda ya tashi ya bar bashin wuta a kan mita, don kai za a yanke wa. Duba ko ruwa na kwanciya a layin da damina. Wanda ya ga abin da ambaliyar Agustan 2022 ta yi wa 'yan Kantin Kwari ba zai raina wannan tambaya ba.

Kana buɗewa masu karɓar kuɗin shiga za su zo. Kuɗin shago da na rumfar kasuwa na ƙaramar hukuma ne, rajistar harabar kasuwanci ta jiha ce, allon talla ma yana da nasa kuɗin. Zuwa da kai ya fi aike: je sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin harajin jiha ka tambayi abin da ke kanka a shekara, ka biya ta banki ko hanyar da hukuma ta amince, ka liƙa kwafin rasit a bango. Wanda ya zo da baki kawai, ba katin shaida ba takardar buƙata, yana cewa a ba shi a hannu a yi ragi, gobe wani zai zo neman kuɗin nan ɗin, kuma ba ka da abin nunawa. Shiga ƙungiyar 'yan kasuwar layinku, su suka san wanda ke zuwa da gaskiya.

Mataki na 7: Sana'o'in da ke da nasu izinin

Duk abin da za a ƙulle a leda ko roba a sayar don ci, sha ko shafawa, kamar yaji, garin kunu, man gyaɗa, zoɓo, fiya wata, sabulu da man shafawa, yana buƙatar lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Ana nema ta shafinta na NAPAMS. Za su so ganin takardar CAC da shaidar tambari, su zo duba wurin aiki, su ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji, su duba takardar liƙawa ko tana ɗauke da sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa. Masu aikin ma sai an gwada lafiyarsu. Ba sai kana da katafariyar masana'anta ba, hukumar tana da rukunin ƙananan masu sana'a da kuɗinsu ya fi sauƙi. Abin da za su nace a kai shi ne tsafta da keɓe wurin aiki daga inda ake girkin gida da wanki. Kowane kaya da lambarsa: ta yaji ba ta rufe garin kunu. Aron lambar wani kuwa laifi ne da ke kai mutum kotu.

Mai gidan abinci da mai gasa nama, duba-gari ne nasu. Mai kemis sai da lasisin Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN. Masu sayar da gwal, dillalan motoci da na gidaje da masu otal suna buƙatar takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC, kuma banki zai tambaye su ita. Masu POS tun 2024 aka umarce su da yin rajista da CAC. Sai SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i da aka kafa da dokar 2003. Rajista da ita ba sharaɗin buɗe shago ba ce, amma shirye-shiryen horo da tallafi da yawa suna neman lambarta.

Mataki na 8: Haraji

Kalmar nan tana sa gaban ɗan kasuwa faɗuwa, har wasu na gudun rajista saboda ita. Ga yadda abin yake. Mai sunan kasuwanci harajin kuɗin shiga na mutum yake biya, ga hukumar harajin jihar da yake zaune, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, kuma a kan riba ake lissafa shi, ba a kan jimlar ciniki ba. Kamfani kuma da hukumar tarayya yake hulɗa, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS.

Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani da nauyin karɓar harajin VAT, ita ce kuma ta ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020. Sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda aka tsara biyu daga cikinsu su fara aiki 1 ga Janairu, 2026, sun ƙara ɗaga wannan iyaka, sun kuma ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Lambar harajin mutum an ɗaure ta da NIN ɗinsa, ta kamfani da lambar rajistarsa.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa wanda aka yafe wa biya an yafe masa shigar da bayani. Ko sisi ba ta hau kanka ba, ana so ka kai bayanin abin da ka samu. Ga mutum ɗaiɗai, wa'adin 31 ga Maris ne na kowace shekara. Da wannan ake samun takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku na baya, kuma ba a neman kwangilar gwamnati sai da ita. Wanda ba shi da littafi, jami'in haraji zai dubi girman shagonsa ya yanka masa abin da ya ga dama, ba shi kuma da hujjar musu.

Mataki na 9: Littafin shago

Littafin makaranta mai kauri ya isa. Raba shi huɗu: abin da ya shigo, abin da ya fita, waɗanda kake bi, masu bin ka. Kowace rana da kwanan watanta, kuma a rufe lissafi kafin a rufe ƙofa, ba gobe da safe ba. Kuɗin ɗan dako, ruwan da aka saya wa baƙo, gyaran da ka ƙara wa kwastoma, kayan da suka fashe, duk a rubuta. Su ne ƙananan ramukan da riba ke zurarewa ta ciki. Rasit ɗin sari a soke su a waya ko a zuba a jaka ɗaya. Dokar kamfanoni ta ce a adana bayanan kuɗi shekara 6, kai ma ka bi wannan. Ƙarshen kowane wata ka ƙirga kayan da ke shago da hannunka, ka gwada da abin da littafi ya ce.

Shafin bashi shi ne mai wuya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a unguwa ba za ka iya cewa ba ka bayarwa sam ba. Amma sa masa iyaka: kaza ne abin da shago zai iya ɗauka a waje, in ya cika an rufe sai wani ya biya. Mai tsohon bashi ba ya ɗaukar sabo. Ka rubuta a gabansa, har da ranar biya. 'Yan'uwa da abokai su suka fi wuyar tambaya, don haka in ka san ba za ka iya buɗe baki ka nema ba, ba shi abin da za ka iya yafewa daga albashinka, ka bar kayan shago.

Wannan littafi shi zai sauƙaƙa maka zakka ma. In shekara ta zagayo kuma dukiyar ta kai nisabi, za ka kimanta kayan sayarwa, ka haɗa da kuɗin hannu da bashin da kake sa ran dawowarsa, ka fitar da ɗaya cikin arba'in.

Mataki na 10: Yaran shago da ranar tsautsayi

Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 ya wajaba ne a kan mai ma'aikata 25 zuwa sama, fanshon dole na dokar 2014 kuma a kan mai 15 zuwa sama. Ƙaramin shago bai kai nan ba, amma wannan bai zama hujjar riƙe yaro shekara bakwai a kan alƙawarin sallama da ba a faɗi adadinta ba. Ku yi magana a gaban iyayensa: abincin rana, kuɗin mako, shekara nawa, me za a sallame shi da shi. Yaron da ya san ranarsa ya fi riƙe amana.

Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ta mayar da masu shaguna da yawa ba su da ko allura. Sayi tukunyar kashe gobara, kashe wuta daga babban makunni in za ka tashi, ka kuma tambayi farashin inshorar gobara da sata. Mai ƙyamar inshorar da aka saba da ita yana da takaful, wadda hukumar NAICOM ke ba kamfanoni lasisinta. Hoton shafukan littafinka da na takardun rajista su kasance a waya ko imel, don kar wuta ta haɗa da su.

In yau kake shirin farawa, ga aikin wannan makon: yi lissafin roba 150 da naka alƙaluman, duba NIN ɗinka ko sunan ya yi daidai, ka binciki sunan da ka zaɓa a shafin CAC kafin ka je wurin mai buga allo. In kuwa ka riga ka yi rajista, buɗe kalandar wayarka yanzu ka sa ƙararrawa a kan 31 ga Maris da 30 ga Yuni.